Maigida ya ce ƙaramin babur ba ya buƙatar permi

Assalamu alaikum Tanti. Ni malamar lakwal ce, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi, wurin aikina kuma wani ƙauye ne a gefen Tibiri. Shekara uku ke nan ina hawan kabu-kabu safe da yamma. Kuɗin da yake cinye mini a wata in na lissafa sai raina ya ɓaci, ga shi ba na jin daɗin zama a bayan namijin da ba muharramina ba. Bana na ɗauki adashi na sayi babur irin na mata, mai lamba 110. Maigida bai hana ba, shi ma ya raka ni wurin saye. Koyon ne ya zama matsala. Sau biyu ya kai ni filin ƙwallo, duka biyun da faɗa muka dawo: yana ta daka mini tsawa, na rikice na faɗi na goge gwiwa. Da na ce zan shiga oto-ekol in yi permi sai ya ce ɓarnar kuɗi ce, ƙaramin babur ba ya buƙatar permi, kuma ai shi yana da permin mota. Ya ƙara da cewa in na je wani ya koya mini, na nuna wa duniya shi bai iya ba. Wata guda ke nan babur yana zaure a lulluɓe da tsohon zane. Ina so in fara hawa da an dawo hutu, in riƙa sauke yarana biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 4, a makarantarsu. Da gaske ne ba sai na yi permi ba? Kuma yaya zan yi da maigida ba tare da na ɓata masa rai ba?

Malama daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Babur kuma Allah ya sa a mora lafiya, ya tsare gabanki da bayanki.

Bari in fara da permin Malam, don shi ne ba shi da wuyar amsa. Permi shaida ce a kan mutum ɗaya, da sunansa da hotonsa, cewa an gwada shi an ga ya iya. Ba a aronsa kamar tukunyar biki, aure ma bai mayar da shi na mutum biyu ba. Ranar da jandarma ya ɗaga miki hannu a hanyar Tibiri fuskarki zai duba ya duba hoto. Balle ma na Malam na mota ne, mai harafin B.

Haruffan nan tsari ne da ƙasashe suka amince da shi a yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968, kuma Nijar tana ciki. A na babur ne. B na ƙaramar mota ne, wadda nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, kujerunta kuma ba su wuce takwas ba ban da ta direba. C na manyan motocin kaya, D na bas, E na mai jan tirela. A ɗin yana da ƙane, A1, na babur ɗin da injinsa bai wuce cc 125 ba (cc shi ne ma'aunin girman inji), ƙarfinsa kuma bai wuce kilowat 11 ba, wajen doki 15 ke nan. Naki mai 110 nan ne gidansa. Ko Najeriya kika tsallaka ta Ɗan Isa, a can ma lasisin babur ajin A ne, daban da na mota.

To ina aka samo maganar cewa ƙaramin babur ba ya son permi? Malam bai ƙirƙiro ta ba, gadonta ya yi, kuma ta taɓa zama gaskiya. Mu da muka yi 'yanmatanci a shekarun 1980 mun san mobilet, mai feda kamar keke, wadda ake zuba wa esansi gauraye da man inji, in ta ƙi tashi ki taka ta da ƙafa har ƙofar gida kina haɗa gumi. Injinta cc 49 ne, kuma da gangan aka tsayar da shi nan. A tsarin Faransa da muka gada, abin da bai kai cc 50 ba ba a lissafa shi cikin babura, ɗan'uwan keke ne, a wancan zamani ana hawansa ba permi. Yarjejeniyar Biyana ma ta ware shi daban: inji bai wuce cc 50 ba, gudu bai wuce kilomita 50 a awa ba. Wannan shi ne ƙarami a bakin doka. Mobilet ta yi zamaninta ta wuce, baburan Sin da na Indiya suka cika gari, su Kasea da Haojue da Boxer, masu cc 100 zuwa 150, amma maganar ta zauna a bakin mutane kamar ba abin da ya sauya. Abin da muke ce wa ƙarami yau ya ninka mobilet har da ɗori, kuma a kan kwalta mai kyau yana taka kilomita 80 a awa. In kina so ki gani da idonki, ki yaye zanen nan ki durƙusa ki duba jikin silinda, za ki ga lamba a zane, 107 ko 109 ko makamancin haka. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Su kansu Faransawan da suka bar mana wannan al'ada sun daɗe da sake ta. Yau yaro ɗan shekara 14 ba ya hawa mai cc 50 a can sai ya yi horo ya karɓi takarda mai harafin AM. A1 sai shekara 16. Mai permin mota kamar Malam, in yana son hawa mai cc 125, sai permin nasa ya shekara biyu, sa'annan ya yi horo na awa bakwai a kan babur. A Ingila tun 1990 suke da horon dole na farko da suke kira CBT, yawanci yini guda ake yi, takardarsa tana aiki shekara biyu, kuma mai ita dole ya manna harafin L gaba da baya, ba ya hawa babbar hanya, ba ya goya kowa. Ban kawo miki wannan don in ce sun fi mu hankali ba. Titinsu ba rairayi, ba awaki, ba amalanken jaki da ke fitowa daga lungu ba fitila, duk da haka ba su yarda sabon mahayi ya fita ba horo ba. Ki riƙe mini maganar goyon nan, zan dawo kanta.

Saboda haka amsar tambayarki ta farko: ki yi permi. Ki ɗauki kart giriz ɗin babur da katinki na ɗan ƙasa ki je ofishin sufuri na jiha, su gaya miki takardun da za ki haɗa da ranar jarrabawa. Kuma tunda kuɗin adashinki ne, ki tabbata sunanki ne a kan kart giriz. Wannan ba rashin yarda da kowa ba ne, ranar sayarwa ko ranar rabon gado takarda ce ke magana.

Akwai wani dalili da mutane ba su cika sani ba, kuma ina ganin shi zai fi shiga kunnen Malam, tunda da lissafin kuɗi ya zo miki. Asiransi a ƙasarmu yana ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ƙasashe 14 masu amfani da sefa suke bi. Dokar ta wajabta wa duk abin hawa mai inji asiransi saboda wanda aka buge. Amma ta ba kamfani damar sa sharaɗi a kan permi. In hatsari ya faru alhali mai tuƙi ba shi da permin da ya dace da abin da yake tuƙawa, kamfani zai biya wanda aka ji wa rauni, sa'annan yana da ikon juyowa kanki ya nemi kuɗinsa. Ki ɗauka, Allah ya kiyaye, kin bugi ɗan mutane a bakin babbar kasuwa, ƙafa ta karye, an kwanta likita wata biyu. Kin biya asiransi duk shekara, amma ranar da kike buƙatarsa ya zama bashi a wuyanki. Kuma a gidan aure bashin da ya hau wuyan mace ba ya tsayawa nan. Ki aza kuɗin oto-ekol kusa da wannan ki ga wanne ne ɓarna.

Amma ƙanwata, in na tsaya a nan na cuce ki, don takarda ba ta taka birki. Za ki samu masu ce miki ki ba da wani abu a kawo miki permi har gida ba tare da kin taka fili ba. Kada ki yarda. Ke da kike gyara takardun jarrabawa kin san ɗalibin da aka saya wa sakamako, kin san ranar da asirinsa ke tonuwa. Kuma ko oto-ekol ɗin kada ki biya sai kin tambaya. Da yawansu hankalinsu yana kan mota, su koya miki alamomin hanya a allo, su sallame ki. Ki tambaye su: kuna da babur na koyo? A wane fili? Sau nawa zan hau? Wa zai tsaya a kaina? In amsar ta zo a dunƙule, ki yi musu sallama ki gwada wani wuri.

A garin nan ana cewa mutum ya iya babur ranar da ya daina faɗuwa. Yaro ya sato na yayansa, ya zaga unguwa sau uku, shi ke nan ya zama gwani. Tafiya ce ya koya, tafiya kuwa inji ne ke yin ta. Aikin mahayi shi ne tsayawa, kuma kusan ba wanda aka koya wa ita. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin jinya kafin in ajiye, akasarin waɗanda aka kawo mana a bayan mota jini na zuba sun iya tafiya sarai.

Ga lissafi, tunda ke malama ce. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin ido ya ga yaro ya fito da gudu da hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi, mita 14 sun tafi, birki bai ma fara aiki ba. A gudun 30 kuwa mita 8 ne da 'yan kai. Sa'annan in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Wannan shi ya sa wanda ya ce ai ɗan ƙari kaɗan na yi bai san abin da ya ƙara ba.

Yanzu bari in yi miki duba, ko da ban je filin ba. Irin babur ɗinki ba shi da kuloci a hannun hagu. Totur da birkin gaba duka a hannun dama suke, birkin baya a ƙafar dama. Malam ya daka tsawa, jikinki ya sandare, kika damƙe hannu don ki kama birki, tafin hannunki ya murɗa totur ba ki sani ba, babur ya zabura, kika ƙara damƙewa, kika tsinci kanki a ƙasa. Haka ne ko ba haka ba? Kusan kowane sabon mahayi ta nan yake faɗuwar farko. Maganinsa ɗan ƙarami ne: ki riƙe totur wuyan hannunki yana ƙasa, yadda in kin miƙa yatsu ga birki totur zai koma da kansa. Mai koyarwa na gaske a rabin awa na farko yake nuna wannan.

Za kuma a ce miki kada ki kuskura ki taɓa birkin gaba, kayarwa yake yi. Wannan maganar ta kai mutane da yawa ga bayan mota. A kan kwalta busasshiya, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, domin da an fara tsayawa nauyi gaba yake komawa. Mai taka na baya kaɗai sai tayar ta kafe tana jan ƙasa, babur yana tafiya abinsa. Abin da ke kayarwa shi ne fizga. Matsa shi ake yi kamar mai matse lemun tsami a kunu, a hankali da farko, sa'annan a ƙara ƙarfi, ƙafa kuma tana taimakawa da na baya. A cikin rairayi ne labari ke sauyawa, kuma lungunan Maradi kin san su. Nan ki sassauta tun kafin ki shiga, ki bar babur a miƙe, ki riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ki bar birkin gaba ya huta, idonki can nesa inda kike son fita.

Maganar ido ba a littafi na koye ta ba. Shekarar farko da aka tura ni aiki ƙauye, ina kan mobilet ɗina da sassafe, akwatin allura a ɗaure a baya, sai ga wata jar akuya a tsakiyar hanya tana tuƙa. Hanya fetal, dama da hagu ba kowa, ko amalanke zai wuce. Ni kuwa na kafa mata ido ina cewa a raina kada in buge ta, kada in buge ta. Kai tsaye na nufe ta kamar an ja ni da igiya. Akuya ta tashi ta kakkaɓe jiki ta yi gaba, ni na yi mako biyu ina wanke wa kaina ciwo a gwiwar hannu, tabon yana nan har yau. Inda ido ya tsaya nan babur ke zuwa. In kin ga rami ko dabba ko dutse, ki kalli gefen da za ki bi. Ana koyon wannan a fili da gwangwanaye: a jera su, ki riƙa saƙa tsakaninsu a hankali, ki zana lamba takwas har ki daina sauke ƙafa, sa'annan a ja layi a ƙasa ki taho ki tsaya a kansa, sau ashirin, sau talatin, har jiki ya haddace. Tafiya a hankali ta fi gudu wuya, shi ya sa da ita ake gane wanda ya iya.

Hanyar da za ki bi kuma ba ta wasa ba ce. Titin Tibiri shi ne babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, bas-bas da manyan motocin kaya ba sa yankewa. Direban babbar mota yana da wuraren da ba ya gani ko kaɗan, musamman gefensa na dama da dab da bayansa. In ba ki ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinki. Kada ki kutsa tsakaninsa da bakin titi, ko da ya tsaya, kuma in tirela za ta yi kwana ki ja baya ki ba ta fili, bayanta yanke hanya yake yi. In bas ya taho zai wuce ki, ki riƙe da kyau, iskarsa tana ture ƙaramin babur. Kafin ki karkata ko'ina, madubi, sigina, sa'annan ki waiga da kanki. A mahaɗar da ba alama, doka ta ba wanda ya fito ta damanki hanya. Ki san wannan don jarrabawa, ki ba wa na dama hanyarsa, amma ran da hanyar take taki kada ki shiga sai kin ga ɗayan ya sassauta da gaske. Lokacin hazo ki kunna fitila ko da rana ce. Da azumi kuwa, rabin awan nan na gab da shan ruwa, in da hali kada ya same ki a titi.

Akwai abin da maza masu koyarwa ba sa tunawa, don ba ya samunsu. Wata rana da la'asar aka kawo mana wata baiwar Allah, goyo aka yi ta, ba ma ita ke tuƙi ba. Gefen mayafinta ya sauka, tayar baya ta kama shi ta naɗe, ya fizgo ta ta baya, kanta ya bugi kwalta. Ba mota, ba gudu, ba wanda ya yi ganganci. Da almakashi muka yanke mayafin daga wuyanta. Ta rayu, amma har aka sallame ta hannunta ɗaya bai dawo daidai ba. Tun daga ranar ba na ganin mace a kan babur hijabi yana kaɗawa kusa da taya in yi shiru, ko ban san ta ba. Ki tattare hijabinki ki zauna a kansa, ko ki ɗinka gajere na hanya ki sa dogon a jaka. Wando a ƙarƙashin zane, saboda sarƙa da kuma zafin salansa, wanda ya bar wa matan garin nan da yawa tabo a ƙwauri. Takalmi rufaffe, silifa sai kin isa aji.

Kaske kuma ba shawara a kansa. Na san uzurin: zafi, kitso, ɗaurin kallabi, a ce wance ta zama ɗan sama jannati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa kaske mai kyau da aka ɗaura daidai yana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da wajen kashi 70. Mai kyau, kuma a ɗaure. Lokacin da Najeriya ta tilasta sa shi a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an hanya, aka yi ta dariya. Hular magina da wasu ke sawa a nan, da kasken da ake ratayawa a hannu sai an hango 'yan sanda, ba su fi ƙwaryar ba. Ki nemi wanda ya rufe kunne da ƙeya, in da hali har haɓa. Ki gwada shi a kan siririn hijabin da za ki riƙa sawa, ki girgiza kai, in yana yawo ya yi miki yawa. Ki duba igiyarsa, masu inganci da yawa suna da ɗan ƙyalle mai harafin E a cikin da'ira, alamar an gwada su. Wanda ya taɓa shan bugu mai ƙarfi ya gama aikinsa ko da bai tsage ba, don haka na gwanjo sai da lura.

Na ce zan dawo kan goyo. A nan ba zan yi miki kara ba: kada ki ɗauki yaran nan. Ba da an dawo hutu ba, ba kuma a watannin farko ba. Goyo yana sauya nauyin babur, yana tsawaita birki, yaro kuma yana motsi lokacin da ya ga dama, ya hango abokinsa ya juya, ya yi barci ya zame. Hankalinki zai rabu biyu a lokacin da ko ɗayan bai gama isarki ba. Na san kullum muna ganin mutum da yara huɗu, ɗaya a kan tanki, kuma suna isa gida. Waɗanda ba su isa ba ni na gan su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In kin yi damina ɗaya da hunturu ɗaya a kan hanyar nan ke kaɗai, sai a yi maganar babban, in ƙafarsa tana kaiwa mataki, da nasa kasken daidai kansa. 'Yar shekara 4 kuwa ta ci gaba da tafiya yadda take tafiya yanzu.

Saura Malam. Ki fara ba shi haƙƙinsa. Maza nawa ne a garin nan za su raka matarsu shagon babur? Wasu ko maganar ba za su bari a kai ƙarshenta ba. Tsawar da ya yi a fili, in kin tambaye ni, rabinta tsoro ne. Yana kallon uwar 'ya'yansa tana tangaɗi a kan ƙarfe, abin da hannunsa ya sani kuma bakinsa ya kasa faɗa. Wanda ya koyi babur yana yaro ya manta yadda ya koya, in kin tambaye shi sai ya ce ai haka kawai ake yi. Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne da ba a taɓa jin ya goga mota ba, amma kwana uku ya yi yana koya mini muka haƙura, don mun ga auren ya fi motar muhimmanci.

Ta aikinki za ki shigar masa. Ki tuna masa yadda kike fama in kin zauna yi wa ɗanku bitar karatu, ke da kike riƙe aji guda na 'ya'yan mutane ba ki ɗaga murya ba. Naka shi ne ya fi wuyar koyarwa, don zuciya tana ciki. In ya ji haka ya san ba iyawarsa kike tuhuma ba. Ki zaɓi lokaci, bayan ya ci ya huta, ba gaban yara ba, ba gaban danginsa ba. Kuma don Allah kada ki miƙa masa waya ki ce ka gani, Tanti ma ta ce ba ka da gaskiya. In kin yi haka babur zai shekara a zaure.

Ina kuma zaton akwai abin da bai furta ba. Ke da kanki kin ce ba ki son zama a bayan wani namiji. Shi ma ƙila abin da ke ransa ke nan, yana hango wani ƙato a zaune a bayanki ya riƙe miki hannu. Ki kwance masa wannan tun bai tambaya ba. Mai koyar da babur a ƙasa yake tsayawa, yana magana yana nuni, ɗalibi shi kaɗai ne a kan sirdi. Ki ce ya zo ya zauna a bakin fili ya gani. Ki tambaya ko akwai mace mai koyarwa, ko ki haɗa kai da wata abokiyar aiki ku shiga tare. Ofishin sufurin ma ki roƙe shi ya raka ki, ya yi tambayar da bakinsa. Abin da zai yi miki gardama a kansa a tsakar gida, in ma'aikaci ya faɗa masa a ofis sai ya dawo yana ba ki labari kamar shi ya gano. Ki bar masa.

Ki kuma ba shi aikin da ya fi kowa iyawa. Shi zai duba iskar taya da sarƙa da birki da fitilu, shi zai zaɓi bakanike. Ranar da permi ya fito, ku zaɓi safiyar Lahadi ku bi hanyar ƙauyen, ke a gaba, shi yana biye a mota da ɗan nisa, ya nuna miki inda kwalta ta cinye a gefe, inda shanu ke tsallakawa, inda za ki sauka zuwa jar ƙasa. In duk kin yi wannan ya tsaya kan bakansa, kada ki saci jiki ki tafi. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko wani amininsa direba, ya yi masa maganar asiransin nan. Ki ci gaba da kabu-kabu na wata ɗaya ko biyu, wadda ta yi shekara uku ba za ta kasa ba.

Kafin nan akwai abin da za ki fara yau, ba kuɗi, ba faɗa. Ki yaye zanen, ki kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, inji a kashe, ki hau da kasken a kanki. Ki rufe ido ki nemo birkin hannu, birkin ƙafa, giya, sigina, oda, makulli. Ki murɗa totur ki sake shi ki matsa birki, wuyan hannu a ƙasa, minti goma kullum bayan la'asar, har hannu ya daina lalube. Sau ɗaya a mako kuma a turo shi waje a tayar da shi ya ɗan yi aiki, kada batir ya mutu, in an gama a rufe makunnin mai.